Ramin Haɓa da Tiyatar Sauya Fuska: Abin da Likitoci Ke Yi da Abin da Malaman Makka Suka Yanke

Duk wanda ya taɓa tsayuwa a tashar motocin Kudai, kudu da Masallacin Harami, a kwanakin aikin Hajji, ya ga fuskokin 'yan Adam iri-iri waɗanda ba zai same su a wuri ɗaya ba ko da zai shekara yana yawon duniya. Daga nan ne bas-bas ke kwasar alhazai su bi da su ta hanyoyin da aka fafe a cikin duwatsu zuwa Harami, a unguwar ne kuma aka gina babbar matatar ruwan Zamzam da aka buɗe a 2010. Ga Bakano da Bamaraɗe, ga Baturke, ga ɗan Indonesiya, ga mutumin Farisa, ga kuma Hausawan Makka 'yan gida, jikokin waɗanda suka tako da ƙafa ta Sudan suka zauna. Da yake mace mai harami ba ta sa niƙabi, fuskokin mata da yawa ma a buɗe suke.

A cikin wannan turmutsutsu ido na yin wani aiki da mai shi bai san yana yi ba. Kafin a ƙifta, ya riga ya yanke: wannan namiji ne, waccan mace ce. A 1993 wata masaniyar halayyar ɗan Adam 'yar Birtaniya, Vicki Bruce, da abokan aikinta sun gwada wannan baiwa. Sun ɗauki hotunan maza da mata, an rufe wa kowa gashi da hular ninkaya, mazan sun yi gyaran fuska tas babu gemu babu gashin baki, matan kuma babu kwalliya. Da aka nuna wa mutane hotunan, sun faɗi jinsin daidai a kashi 96 cikin ɗari.

To, me idon yake karantawa idan an ɗauke gemu da ɗankwali? Ƙashi yake karantawa. Wannan amsa ce ta haifar da wani reshe na aikin fiɗa da ake kira tiyatar mayar da fuska ta mace, wanda ake yi a Amurka da Turai da wasu ƙasashen Asiya, wanda kuma tambayarsa ta iso har gaban malamai a Makka. Hanya mafi sauƙi ta fahimtar batun ita ce a fara da ɗan ramin nan da Allah Ya yi wa wasu mutane a tsakiyar haɓa.

Daga ina ramin haɓa yake?

Haɓa kanta abin mamaki ce. A cikin halittun da ke raye, ɗan Adam ne kaɗai yake da wannan ƙashi da ya turo gaba a ƙarƙashin leɓe. Har goggon biri ba shi da shi. Lokacin da jariri yake ciki, muƙamuƙinsa na ƙasa ɓari biyu ne, na dama da na hagu, waɗanda ke haɗuwa a tsakiyar haɓa kamar yadda gyartai ke haɗa ɓarin ƙwarya ya ɗinke. Haɗuwar kan kammala a wajajen cikar yaro shekara ɗaya. A saman ƙashin akwai wasu 'yan tsokoki guda biyu, su ne ke tura leɓen ƙasa sama su yamutsa haɓa idan yaro ya taɓe baki zai yi kuka. Idan ƙashin ya bar ɗan gurbi a mahaɗarsa, ko tsokokin biyu suka bar rata a tsakaninsu, sai fata ta lotsa ciki. Wani nasa ɗan ɗigo ne zagayayye, wani kuma tsaye yake kamar an ja layi.

Ba ciwo ba ne, ba ya hana ci, ba ya hana magana. Gado ne. Tsofaffin littattafan makaranta sun daɗe suna koyar da cewa ƙwayar gado ɗaya ce ke kawo shi, amma masana sun gano cewa ƙwayoyi da yawa ne ke haɗuwa. Saboda haka iyaye masu sumul ɗin haɓa na iya haifar ɗa mai rami, masu rami kuma su haifi wanda ba shi da shi. Babu dalilin da wani zai tsaya a kan haɓar yaro ya ɗora wa uwarsa zargi.

Kamar yadda Bahaushe ke yaba wushirya da lotsawar kumatu, haka Larabawa suka daɗe suna ɗaukar ramin haɓa a matsayin tambarin kyau. Ibnul Ƙayyim ya kawo a cikin Zadul Ma'ad, daga Imam Bagawi, cewa Sayyidina Usman ya ga wani yaro kyakkyawa sai ya ce a shafa masa baƙi a ramin haɓarsa don gudun kambun baka. Mawaƙan Farisa irin su Hafiz kuwa sun ɗauke shi rijiya da zuciyar masoyi ke faɗawa ciki. Fina-finan Amurka ne suka karkatar da shi wajen maza, ta hanyar jarumai irin su Kirk Douglas da John Travolta, har mutane da yawa a can suka ɗauka alamar mazantaka ce. Amma 'yar fim Sandra Bullock tana da shi, mawaƙiyar Ingila Adele ma tana da shi. Ramin haɓa ba na namiji ba ne, ba na mace ba ne.

Abin da balaga ke yi wa ƙashi

Bambancin na gaske a wani wurin yake. Fuskar yaro da ta yarinya kafin balaga kusan ɗaya ce. Da zarar sinadarin maza, testosteron, ya fara yawaita a jinin saurayi, sai ƙashin da ke saman idanu ya kumburo, domin a bayansa akwai wani kogon iska da ke ƙara girma. Hanci ya ƙara tsawo da kauri. Kusurwar muƙamuƙi da ke ƙasan kunne ta buɗe. Haɓa ta ƙara tsayi, ƙasanta ya yi faɗi mai kusurwa biyu. Guringuntsin maƙogwaro ya fito ya zama zakaran wuya, murya ta buɗe, gashi kuma ya fara ja baya ta gefen goshi biyu. Ita kuwa budurwa goshinta kan zauna sumul a zagaye, girarta a ɗan sama, tazarar hancinta da leɓenta gajeriya, kumatunta cike, haɓarta siririya.

Masu binciken gawa na amfani da waɗannan alamu. Idan aka tsinci ƙoƙon kai, sukan duba wurare biyar, ciki har da tudun gira da tudun haɓa, su ba kowanne maki daga 1 zuwa 5. Sai dai su kansu sun fi amincewa da ƙashin ƙugu, domin fuska na ruɗi. Akwai mata lafiyayyu masu 'ya'ya da jikoki da ke da faffaɗar haɓa, akwai kuma maza magidanta masu siririyar fuska. Ma'aunin ma kan bambanta daga wata al'umma zuwa wata, kuma galibin ma'aunan farko a kan ƙasusuwan Turawa aka gina su, ba lalle ne su dace da Bahaushe ko Bafulatani ko Babarbare ba.

Abu ɗaya dai tabbas ne: ƙashin da ya riga ya girma ba ya komawa baya da magani. Sinadarin mata, estrojin, yana tausasa fata, yana sauya inda kitse ke taruwa, amma ba ya rage tudun gira, ba ya kankare haɓa, ba ya kashe gemu, ba ya mayar da murya siririya. Wanda ya nufi sauya ƙashi, sai wuƙa.

Tambayar da aka yi a San Faransisko

Waɗanda suka fi neman wannan aiki su ne mutanen da ake kira mata masu sauya jinsi, wato waɗanda aka haifa da cikakkiyar halittar namiji amma suke jin kansu mata ne, suke kuma son rayuwa a haka. Likitocin ƙwaƙwalwa sun tabbatar da cewa a wajen wasunsu abin na zuwa da ƙunci mai tsanani. A Mayun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sabon kundin cututtukanta, wanda ya fara aiki a Janairun 2022, inda ta cire wannan yanayi daga babin taɓin hankali ta mayar da shi babin lafiyar jinsi. Dalilin da ya sa fuska ta fi damun da yawansu a fili yake: mai shago da direban tasi da ɗan sanda ba sa ganin abin da ke ƙarƙashin tufafi, fuska suke kallo.

A 1982 wani likita mai suna Darrell Pratt ya tuntuɓi abokin aikinsa Douglas Ousterhout a birnin San Faransisko da buƙatar wata majinyaciya irin wannan, wadda ta ce mutane na ci gaba da kallonta a matsayin namiji saboda fuskarta. Ousterhout ƙwararre ne a fiɗar ƙoƙon kai da fuska, ya kuma yi koyo a Faransa wajen Paul Tessier, wanda ake ɗauka uban wannan fanni. Amma bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa mene ne takamaimai ya raba fuskar mace da ta namiji ba. Sai ya koma ga littattafan masu nazarin ƙasusuwa, ya kuma auna ɗaruruwan ƙoƙunan kai da ke ajiye a wata makarantar likitocin haƙori ta birnin. A 1987 ya wallafa sakamakon aikinsa a kan goshi, daga nan fannin ya kafu. Yau ana yin sa a Amurka, da Marbella ta Sifaniya, da Beljiyam, da Tailan.

Babu wata dabara a cikin aikin da aka ƙirƙira tun asali don sauya jinsi. Harold Gillies ya gina fasahar gyaran fuska ne a kan sojojin da harsashi ya ragargaza wa muƙamuƙi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a asibitin Sidcup da aka buɗe a Ingila a 1917. Tessier yara yake gyara wa, waɗanda aka haifa da nakasar ƙoƙon kai. Yanka haɓa ta cikin baki kuwa Richard Trauner da Hugo Obwegeser ne suka bayyana shi a 1957 don masu karkataccen muƙamuƙi. Ba kuma masu sauya jinsi kaɗai ke nema ba. A Koriya ta Kudu 'yan mata da yawa na kwanciya a kankare musu muƙamuƙi don haɓa ta yi tsini, saboda abin da ake yayi ke nan a can.

A cikin ɗakin tiyata

Aikin haɓa kan fara ne da hoton ƙashi na kwamfuta, wanda ke nuna saiwar haƙora da hanyar jijiya. Bayan an sa majinyaci barci, likita zai janye leɓen ƙasa ya tsaga ta ciki, tsakanin leɓe da dasashi, don kada tabo ya fito a waje. Zai ɗaga tsoka a hankali har farin ƙashi ya bayyana. A kowane gefe akwai wani ɗan ƙaramin rami da jijiya ke fitowa ta ciki, ita ce ke sa mutum ya ji zafin shayi ko sanyin ruwa a leɓensa na ƙasa. Dole zarto ya bi ta ƙasan wannan rami, ya kuma kauce wa saiwar haƙora. Sai a yanka ƙashin a kwance. Idan ana son rage tsayi, a zare wani siririn yanki. Idan faɗi ake son ragewa, a cire ɗan guntu daga tsakiya a matso da ɓarin biyu su haɗu. Daga nan a ɗaure su da 'yan faranta da kusoshi na ƙarfen taitaniyom, waɗanda galibi ake bari a jiki har abada. Ɗinkin tsokar da aka ɗaga shi ne matakin da ba a wasa da shi, domin idan ba ta koma mazauninta ba, leɓe zai saki, haƙoran ƙasa su riƙa leƙowa.

Shi ramin haɓa, idan majinyaciya ta ce a toshe, hanyoyi uku ake bi. Ko a ɗebo kitse daga cikinta ko cinyarta a cika gurbin, ko a yi allurar sinadarin hayaluronik wanda jiki ke shanyewa bayan watanni sai an sake, ko kuma a saki fatar da ta manne a ɗinke tsokokin nan biyu su haɗu. Likitoci da yawa kan ba da shawarar a bar shi, tunda idan haɓar ta sirance, ramin ba ya ƙara mata kamannin maza.

Aikin goshi ya fi wannan nauyi. Akan tsaga fatar kai daga kunne zuwa kunne ko a bi layin gashi, a saukar da fatar goshi, a cire bangon gaba na kogon iskar nan, a gyara shi a kan tebur, sannan a mayar da shi ciki a ɗaure. Idan aka haɗa da hanci da muƙamuƙi da kankare zakaran wuya, majinyaci na iya shafe yini guda a kwance ƙarƙashin maganin barci. Kumburi kan ɗauki watanni, ainihin kamannin kuma ba ya zama sai an doshi shekara. Kuɗinsa a Amurka dubban daloli ne masu yawa. Haɗarinsa ya haɗa da zubar jini, da ruɓewar rauni, da mutuwar leɓe ko fatar kai na ɗan lokaci ko na dindindin, da lalacewar murya idan aka zarce wajen kankare maƙogwaro. Ƙashin da aka zare kuma ya tafi ke nan.

Hukuncin da aka yanke a Makka

Musulunci bai hana gyaran fuska gaba ɗaya ba. Abu Dawud da Tirmizi da Nasa'i sun ruwaito labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya. Ya sa hancin azurfa ya yi masa wari, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi da ya sa na zinariya. A ɗaya ɓangaren kuma akwai aya ta 119 a Suratun Nisa'i, wadda ta jingina sauya halittar Allah ga umarnin Shaiɗan. Tsakanin waɗannan dalilai biyu malamai suka shata iyaka.

A watan Rajab na 1409, daidai da Fabrairun 1989, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar Rabiɗa ta yi zamanta na 11 a Makka ƙarƙashin shugabancin Sheikh Abdul'aziz bin Baz, ta kuma duba batun mayar da namiji mace ko mace namiji. Ta raba shi gida biyu. Wanda halittarsa ta cika a matsayin namiji, ko wadda tata ta cika a matsayin mace, bai halatta a mayar da shi ɗaya jinsin ba. Amma wanda alamun maza da na mata suka haɗu a jikinsa, wato mata-maza, sai a duba wanda ya rinjaya a yi masa magani da tiyata ko da sinadarai don a kawar da ruɗanin, domin wannan ciwo ne da ake neman warakarsa. A Yulin 2007 ɗaya Majalisar Fiƙihun, ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi mai mazauni a Jidda, ta zauna a Putrajaya ta Maleshiya a kan tiyatar kwalliya. Ta halatta gyaran nakasar haihuwa irin tsagaggen leɓe, da ɓarnar ƙuna da haɗari da ciwo, ta kuma hana sauya lafiyayyar halitta don son rai ko kwaikwayon wani ko yaudara. A kan wannan tafarki Saudiyya take: asibitocinta na gyara wa mata-maza, ba sa yin tiyatar sauya jinsi.

Ba ko'ina a duniyar Musulmi aka tsaya a nan ba. A Iran, Ayatullahi Khumaini ya ba Maryam Khatun Molkara fatawar halacci a tsakiyar shekarun 1980, kuma har yau dokar ƙasar ta yarda da aikin. A Masar, an yi babbar taƙaddama a 1988 a kan wani ɗalibin likitanci na Jami'ar Azhar da aka yi wa tiyata ya koma mace mai suna Sally, inda kowane ɓangare ya riƙa kafa hujja da fatawar muftin ƙasar na lokacin, Muhammad Sayyid Ɗanɗawi. Amma mafi rinjayen malaman Sunna, har da na ƙasar Hausa, suna kan matsayar Makka.

Akwai wani bayani na magabata da ya kamata a riƙa haɗawa da wannan hukunci. Imam Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya bambanta tsakanin namijin da aka halitta da laushin murya da motsi irin na mata ba da ƙirƙirarsa ba, wanda ya ce babu zargi ko zunubi a kansa, da wanda ya ɗora wa kansa da gangan. Hana tiyata hukunci ne a kan aiki. Bai ba kowa izinin jifa ko duka ko tozarta mutum a kasuwa ba.

Mata-maza, batun da ya fi kusa da gida

Ba nisa da Makka, a asibitin Jami'ar Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, Farfesa Yasir Jamal ya shafe shekaru yana yi wa mata-maza tiyata, ɗaruruwansu. A 2004 sunansa ya zaga duniya bayan labarin wasu 'yan gida ɗaya su biyar da aka rena a matsayin mata, gwaji kuma ya nuna maza ne. Ya sha bayyana cewa gyara yake yi, kuma ba ya karɓar wanda jikinsa ba shi da ruɗani.

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi shafar gidajen Hausawa, shi ne kuma aka fi rufewa. Sababin ruɗanin da ya fi yawa a jarirai mata shi ne wata matsala ta 'yan ƙullutun da ke saman ƙoda, waɗanda ke zubo sinadarin maza fiye da kima tun yarinya na ciki, sai a haife ta da al'aura mai kama da ta namiji. Ciwon na bukatar ƙwayar gado daga uwa da uba duka, shi ya sa ya fi bayyana a inda auren zumunci ya yawaita, kamar ƙasar Larabawa da ƙasar Hausa. A nau'insa mai tsanani jikin jaririya na zubar da gishiri, ta kama amai, ta ƙi nono, ta bushe, tana iya rasuwa cikin makonnin farko alhali akwai maganin da zai riƙe ta. Wadda ta rayu ba tare da magani ba kuwa, sinadarin zai ci gaba da aikinsa a fuskarta: gemu, kaurin murya, faɗin muƙamuƙi. Akwai kuma akasin haka, wanda likita Julianne Imperato-McGinley ta bayyana a 1974 daga wani ƙauye a Jamhuriyar Dominika: yaro namiji da ake haifa da kamannin mace, a sa masa sunan mace, sai a lokacin balaga murya ta buɗe jiki ya koma na namiji.

Gano ciwon da wuri na hana fuska ta kai inda za a nemi zarto. Asibitocin koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato duk suna da likitocin yara da likitocin fiɗa da ke duba irin wannan.

Bai kamata kuma a cakuɗa wannan da daudanci ba. 'Yan daudu, waɗanda masanin harshe Rudolf Gaudio ya rubuta littafi a kansu a 2009 bayan zama a Kano, lamarinsu na magana ne da motsi da sana'a irin sayar da abinci, ba ruɗanin al'aura ba. Mata-maza daban, ɗan daudu daban, mai neman sauya jinsi daban, amma a bakin mutane da yawa an dunƙule su wuri ɗaya, kuma jaririn da bai san hawa ba bai san sauka ba shi ke kwana a ciki, domin iyayensa na jin kunyar kai shi asibiti.

Inda wuƙar ke ceton rai, da inda allura ke ɓarna

Fasahar Gillies da Tessier ta iso ƙasar Hausa ta wata ƙofa. A Sakkwato akwai asibitin yara da aka kafa a 1999 musamman don cutar da likitoci ke kira noma, wadda ke farawa daga dasashin yaro mai tamowa ta cinye kunci da leɓe da hanci cikin kwanaki. Ƙungiyar likitoci ta MSF na tallafa wa asibitin tun 2014, a Disambar 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar a jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. A can ana sake gina fuska, ana buɗe muƙamuƙin da ya kulle don yaro ya iya cin tuwo ya koma makaranta. Wannan shi ne gyaran da babu saɓani a kansa.

A gefe guda kuma, yayin allurar cika haɓa da leɓe da kumatu ya shigo ta Instagram da TikTok, har ana samun masu yin ta a shagunan gyaran jiki da ɗakunan otal. Fuska cike take da hanyoyin jini. Idan sinadarin ya shiga ɗaya daga ciki ya toshe, fatar wurin na iya yin baƙi ta mutu, idan kuma a kusa da hanci ko goshi ne yana iya kaiwa ga makanta. Ruwan silikon na masana'anta da wasu ke ɗura wa mutane ba ya narkewa, yana yawo a ƙarƙashin fata ya yi ƙulluttai da ba sa ciruwa sai da yanka. Duk wanda zai kai allura ko wuƙa fuskar mutum a Najeriya dole ya kasance yana da rajista da Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ta ƙasa, kuma majinyaci na da ikon ya ce a nuna masa.

Saboda haka kiran yana kan iyaye da ungozomomi da wanzamai. Idan aka haifi jariri aka kasa tantance ko namiji ne ko mace, kada a rufe shi a ɗaki, kada a yi gaggawar yi masa kaciya, kada a jira ranar suna. A kai shi babban asibiti a cikin kwanakin farko, a nemi gwajin jini da hoton ciki, musamman idan yana amai ko ya ƙi kama nono. Malamai sun halatta maganin tun 1989, likitocin da za su yi shi kuma suna nan a Kano da Zariya da Sakkwato.